DARASIN KIWON LAHIYA: Maganin sida ba shi da hutu

Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba rumbu. Cikin garuruwan jahar Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, samari da magidanta sun hwara shirin tahiya biɗa. Wasu za su Kano ko Legas. Wasu za su Agadas, wasu Abijan, wasu har Libiya. Kowa shina lissahin kuɗɗin mota da guzuri. Amma akwai mutanen da ke da wani lissahi na dabam, wanda ya hi na guzuri nauyi. Su ne masu shan maganin sida. Wannan darasi nasu ne, da na iyalinsu. Kuma na kowa ne, don ba a gane mai wannan cuta ga huska. Shina iya zama maƙwabci, ko aboki, ko wanda ake zama tabarma guda da shi cikin ajin yaƙi da jahilci.

Mine ne aikin maganin?

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo sida. Sunanta VIH. Ido ba shi ganinta. Masana na ƙasar Faransa ne sunka gano ta cikin shekarar 1983. A Nijar, an hwara ganin mai cutar cikin 1987. Lokacin nan babu magani, shi ya sa mutane sunka sa mata suna kabari kusa. Wannan suna ya tsuhwa. Cikin 1996 anka samo haɗin magani 3 masu danne ta. Ana ce musu ARV. Tun 2004 ana bada su kyauta cikin Nijar. Da hwarko sai manyan asibitoci kaɗai. Daga baya anka kai su asibitocin gundumomi da wasu gidajen likita na CSI.

Cikin jinin kowane mutum akwai dogarai masu tsaron jiki. Likitoci suna ce musu CD4. Mai lahiya shina da 500 zuwa 1500 cikin ɗan ɗigon jini da bai kai ƙwarar gero ba. Ƙwayar cutar tana shiga cikin dogaran nan, ta hayayyahwa, ta kashe su. In sunka kasa 200, jiki ya zama gida ba danga. Tarin huka shi shigo, zawo shi shigo, ƙuraje su shigo. Wannan hali shi ne ake kira sida.

Magani shina hana ƙwayar cutar hayayyahwa. Sai dogarai su ƙaru, ƙarhi shi komo. Amma magani ba shi hidda ta daga jiki. Kowane manomi ya san ƙuduji. Ana cire shi, gona ta yi kyau, amma irinshi na nan kwance cikin ƙasa shekara da shekaru, shina jiran ranar da za a yi sake. Hakanan VIH take. Tana ɓoye cikin jiki. In anka bar magani, cikin ƴan makonni ta sake cika jini.

Can baya, masu cutar suna haɗiyar magani da yawa, sahe da marece. Yanzu mahi yawan manya ƙwara 1 suke sha kowace rana. Sunanta TLD. Magani 3 ne anka game cikinta. Ana shanta da abinci, ana shanta ba abinci. Kuma tun 2015 Hukumar lahiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce kada a jira sai mutum ya kwanta. Duk wanda anka samu da ƙwayar cutar, a hwara ba shi magani.

To, magani ya samu, kuma kyauta. Abin da ke ba likitoci wahala yanzu shi ne mutanen da ke hwarawa, su sha wata 6 ko shekara, sa'an nan a daina ganinsu.

Labarin wani magidanci

A ɗauki misalin wani magidanci, manomi, mai mata guda da ɗiya 4. Ya yi wata 3 shina zawo da masassara. Ya rame ƙwarai. Ƙanenshi ya aza shi bisa amalanke, ya kai shi likita. Majo ya shiga da shi ɗaki, ya ruhe ƙohwa, ya nemi yardarshi, ya auna jininshi. Anka samu ƙwayar cutar. Anka auna matarshi, ita ba ta da komi. Ya hwara shan magani.

Kahin damana ta kama, mutum ya miƙe. Ya yi shibka, ya yi noma, ya yi maimai. Kaka ta yi kyau. Sai abokanshi sunka ce za su Legas. Ya girgiza kwalbar magani, ya ji saura kaɗan. Ya ƙidaya, ƙwara 20.

Matarshi ta ce: «Maigida, ba ka biyawa likita ka amso magani kahin ka tahi?»

Ya ce: «Ke dai bari. Dube ni da kyau. Mai ciwo ne ke nome gona 2 shi kaɗai?»

Ya tahi. Bayan kwana 20 kwalba ta ƙare. Wata ya wuce, bai ji komi ba. Wata na biyu ya wuce, shina dako, shina cin abinci, shina aiko da kuɗɗi gida. Ya ce ma ranshi: ashe gaskiyata, na warke. Nan cutar take ruɗin mutane. Da barin magani shina sa ciwo ran nan ran nan, da ba wanda za shi bari. Amma ɓarnar a ɓoye take, kamar ta gara cikin azara.

Cikin wata na biyar tari ya kama shi. Shina gumi da dare. Abin da ya tara ya tahi wajen sayen maganin tari ga ƴan tebur. Abokai sunka yi karo-karo, sunka sa shi mota. Ya iso gida da jikka ba komi ciki.

Ko da ya iso, bai koma likita ba. Kunya ta hana shi. Shina cewa: da wane ido zan dubi majo? Ya ƙara wata 2 kwance cikin ɗaki. Gida bai hi tahiyar awa guda da likita ba.

Ran wata kasuwa wani baƙo ya yi sallama. Ya gaisa da mutanen gida kamar tsohon aboki. Bai hwaɗi komi gaban jama'a ba. Da sunka rage su biyu, ya hiddo kwalba daga aljihu, irin tashi, ya ce: «Malam, ni ma ita nike sha, yau shekara 9. Majo ne ya ga ranarka ta wuce, ya ce in zo in gaishe ka. Ba hwaɗa za a yi maka ba. Tashi mu je.»

Anka auna shi, anka iske tarin huka. Maganin tarin huka wata 6 ne, shi ma kyauta. Anka maida shi bisa ARV. Ya rayu. Amma damanar nan bai kama hauya ba, matarshi da ƙanenshi sunka yi abin da sunka iya. Kuma matar, wadda a da take cikin kariya, dole ta sake awon jini, ta kuma sake bayan wata 3. Abin da kwalba 2 za su hana ke nan.

Shirin mai tahiya

Ba a ce mai shan ARV kada shi tahi biɗa ba. Gida na buƙatar kuɗɗi. Abin da ake so, shi maida likita cikin shirin tahiya, kamar yadda yake shirya katin ɗan ƙasa.

Shi je tun da saura mako 2, shi gaya ma majo inda za shi, da watannin da za shi yi. OMS ta bada shawara, wanda jikinshi ya daidaita bisa magani a riƙa ba shi na wata 3 har zuwa wata 6 gaba ɗaya. Majo ne ke duba takardun mutum, shi ga nawa za a iya ba shi. In tahiyar ta hi maganin tsawo, shi roƙi takarda wadda ke nuna sunan maganin da ranar da ya hwara. Da wannan takarda shina iya zuwa asibitin gwamnati na inda ya sauka, su san abin da za su ba shi. Wanda ya sauya gari cikin Nijar, daga Tasawa zuwa Agadas, ko daga Magarya zuwa Yamai, shi nemi a maida sunanshi can. Kada shi je sabon wuri shi yi kamar bai taɓa shan magani ba. Wasu suna yin haka don kunya. Sai likitan can shi yi aiki cikin duhu, likitan nan kuma shi yi ta biɗar mutumin da bai ɓace ba.

Kwalba ba ta son rana, ba ta son laima. A bar ƙwarori cikin kwalbarsu, a ruhe da kyau. A sa ta cikin jikkar hannu, kada a sa cikin buhun da za a ɗaure bisa mota. Buhu na iya ɓacewa tasha.

Sauran abubuwan da ke raba mutum da magani

Nisa da kuɗɗin mota suna cikinsu. Ga lissahi. A ce zuwa da komowa jika 2 ne. Mai zuwa kowane wata za shi kashe jika 24 ga shekara. Mai amsar na wata 3 sau 4 kaɗai za shi je, jika 8 ke nan. Ya tsira da jika 16. Don haka a tambayi majo wannan hanya, kuma a tambaye shi ko akwai likita mahi kusa da ke bada maganin. Kada a jira sai ƙwara ta ƙarshe. A je tun da saura na mako guda, don mota na iya lalacewa, gulbi na iya cika, kuma wani lokaci magani kan makara bisa hanya.

Yunwa ma na ciki. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wasu suna cewa ba su iya shan magani ciki wayam. Gaskiya ne yunwa na da zahi. Amma TLD ba ta buƙatar tuwo, ko da ruwa kaɗai ana haɗiye ta. Wanda ya bar magani don yunwa, za shi rasa ƙarhin da za shi nemo abincin da shi.

Azumi ba shi hana komi, tunda sau 1 ake sha ga rana. A shawarci majo, a maida lokacin sha bayan buɗa baki. Mutane da yawa ma sun ɗaure shan maganinsu ga sallar lisha shekara duka, don ba a manta ta. Masu salula suna sa ta yi musu ƙara. Wanda ya manta, shi sha sa'ad da ya tuna. In lokacin na gaba ya yi kusa, shi jira shi, kada shi haɗiye 2.

Cikin makonnin hwarko wasu suna jin ciwon kai, ko tashin zuciya, ko rashin barci. Galibi shina wucewa. In bai wuce ba, a koma a hwaɗi. Mai shan wani magani, kamar na ƙarin jini da ake ba mata masu ciki, ko na gyambon ciki, shi gaya ma majo, don akwai yadda ake raba lokacinsu da na TLD.

Sai masu cewa suna warkar da sida da sassaƙe ko da jiƙo. Suna ce ma mutum shi aje maganin likita kwana 40, shi kawo akuya. Har yau babu sassaƙen da ya hidda VIH daga jikin mutum. Addu'a kuwa ba ta gaba da magani. Wanda ya ce a zaɓi guda cikinsu, akuyar yake so.

Kunya, da abin da ke bisa wuyan likita da gari

Babbar cikinsu ita ce kunya. Mutum shina tsoron a gan shi ƙohwar ɗakin magani, labari shi riga shi isa gida. Mace tana tsoron kishiya ta ga kwalba, ko miji shi ba ta takarda. Sai ta ɓoye kwalba ƙarƙashin turmi, ta sha yau, gobe ba hali. Wani kuma shina tsallake likitan garinshi, shi tahi mai nisa inda ba a san shi ba, har kuɗɗin mota su gagare shi.

A nan laihin ba na maras lahiya ba ne shi kaɗai. Ma'aikacin da ke kiran suna da ƙarhi gaban layi, ko shi tarbi wanda ya makara da tsawa, shi ne ke korar mutane. Uwar da ta ware ma sarakuwarta ƙwarya da kwano, ita ma tana korar ta daga magani. Ba a ɗaukar wannan cuta wajen cin tuwo akushi guda, ko gaisawa, ko shan hura da ludayi guda. Sauro ma ba shi ɗaukar ta. Hanyoyinta 3 ne: saduwar namiji da mace, da jini, da uwa zuwa ga jinjiri. Nijar ta yi doka cikin 2007, ta sabunta ta cikin 2015. Dokar ta hana a wulaƙanta mutum don shina da VIH, ta kuma wajabta ma ma'aikatan lahiya ruhin asirinshi.

Binciken ƙasa na 2006 ya iske mutum 7 cikin 1000, tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, suna da ƙwayar cutar. Na 2012 ya iske 4 cikin 1000. Ba su da yawa in an gwada da wasu ƙasashe. Amma ƙarancin nan na sa kowanensu shi ga kamar shi kaɗai ne cikin duniya. Shi ya sa masu cutar sunka kahwa ƙungiyoyi. Haɗin gwiwarsu na ƙasa sunanshi RENIP+. Daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ake samun masu taimakon likita, kamar baƙon da ya zo ran kasuwa. Suna zama da sabon shiga, su yi mishi bayani da harshenshi. In ranar mutum ta wuce, su kira shi ko su bi sawunshi. Amma sai in ya yarda tun hwarko, ya bar lambar salula ta gaskiya da sunan unguwa na gaskiya. Wanda ya bada lambar ƙarya ya tsinke igiyar da za a jawo shi da ita daga rijiya.

Abu mai kyau kuma, mutum shi samu ko da mutum guda cikin gida wanda ya san sirrinshi. Mata, ko miji, ko ƙane, ko uwa. Shi ne za shi tuna mishi, shi ne za shi raka shi ran da jiki ya ƙi.

Awon da ke nuna gaskiya

Ƙiba ba ta nuna magani na aiki. Awon jini ke nunawa, wanda ke ƙidaya yawan ƙwayoyin cutar. Ana yin shi bayan wata 6 da hwara magani, a sake ga wata 12, daga nan sau 1 kowace shekara. In majo bai ambata ba, a tambaye shi. In an ɗibi jini, a koma a ji sakamako.

In awo ya nuna sun hi 1000, akwai matsala. Sau da yawa tsallake kwanaki ne. Wani lokaci kuma ƙwayar cutar ce ta saba da maganin, don an yi ta sha ana bari. Sai an sauya wani, kuma magungunan sauyi ba su da yawa. Wannan shi ne haɗarin shan magani da wasa.

In kuwa awo ya nuna sun yi ƙasa har na'ura ba ta ganinsu, kuma mutum ya ci gaba da sha kullum, to ba shi sa ma matarshi cutar wajen saduwa. Mace ma hakanan ga mijinta. Masana sun tabbatar da wannan. Kahin a kai ga haka, kwaroron roba shi ne kariya.

Ga mace mai ciki maganar ta hi nauyi, don rai biyu ne. In ba magani, cikin jinjirai 100 da uwayensu ke da VIH, 15 zuwa 45 suna ɗauka. In uwa ta riƙe magani lokacin ciki, da haihuwa, da goyo, ba su kai 5 ba. Wurin da mata ke yawan ɓacewa shi ne bayan suna, sa'ad da sunka tahi wanka gidan uwayensu, wani gari. Mai zuwa wankan gida ta yi shiri irin na mai tahiya biɗa. Jinjiri na shan nono, don haka magani ba shi tsayawa. A kai shi awo in ya yi mako 6, a sake kai shi duk ranar da ungozomar likita ta sa, har bayan yaye.

Wanda ya riga ya bari

Shi koma. Ko wata guda ya yi, ko shekara 2. Kada shi jira sai ya kwanta, kada kuma shi ari maganin wani. Shi gaya ma majo gaskiya: yaushe ya bari, da dalili. In shina tari, ko masassara, ko gumin dare, ko rama, shi hwaɗi tun daga ƙohwa, don tarin huka shi ne ya hi kashe masu VIH. Sunanshi na nan cikin rijista.

Magidancin nan, da wata kaka ta zagayo, ya sake shirin Legas. Wannan karo ya riga zuwa likita kahin tasha. Ya zamna gaban majo, sunka ƙidaya watanni tare, ya amshi kwalabe da takarda. Ya bar ma matarshi lambar mai masaukinshi.

Aikin allo

Wani mutum za shi tashi ran 1 ga Disamba, shi komo ran 31 ga Mayu. An ba shi kwalba 2, kowace da ƙwara 90. Shina shan ƙwara 1 kowace rana. Sun ishe shi, ko ba su ishe shi ba? A ƙidaya kwanakin kowane wata dabam, kada a ce duka 30 ne. Sa'an nan a ƙara mako guda na lalurar hanya, a ga ƙwara nawa ya kamata shi roƙi majo.